Ranar da Na Wanke Tarihi da Omo

A wani gidan adana kayan tarihi a nan Arewa, wanda ba zan ambaci sunansa ba tunda ba shi ya yi laifin ba, akwai wata kanta a can ƙuryar sito mai ɗauke da tukwane 11. Kowace an ɗaura mata ɗan kati a wuya, kuma magana ɗaya ce a kansu duka: "Ba a tabbatar da asalinta ba." Rubutun hannuna ne. Kafin in sa ƙafa a gidan, kowace tukunya a cikinsu an san garinsu, an san shekarar da aka sayo ta, wasu ma an san irin aikin da suka yi a gidan mai su. Ni na raba su da duk wannan cikin yini biyu, da almakashi da soso da kyakkyawar niyya.

Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin tarihi. Sashenmu ya ɗora mana horon sanin makamar aiki na wata uku, aka ce kowa ya zaɓi inda zai je. Wasu suka nufi ma'ajiyar tsofaffin takardu ta Kaduna, wasu Arewa House, ni kuwa na ce gidan tarihi nake so. In faɗi gaskiya, gyara na je yi, koyo bai ko zo mini a rai ba. Na san gidan tarihi na farko a Najeriya shi ne na Esie, 1945. Na san an buɗe na Jos a 1952, na Legas a 1957. Na san dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Na rubuta takarda mai shafi 20 kan kwasar ganimar da sojojin Ingila suka yi a Benin a 1897, malamina ya ba ni maki mai tsoka. Duk wannan yana jibge a kaina, amma ban taɓa ɗaga tukunyar da ta girme ni ba.

Shugabar sashen adana kaya, wadda kowa ke kira Hajiya, ta karɓi wasiƙata, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a kai ni wurin Baba Mai Sito. Ni da na zo da kwamfuta a jaka ina tsammanin tebur da fanka, sai ga ni a bayan wani gajeren dattijo mai fensir maƙale a kunne da makullai ɗaure a ƙugu. Da takardar firamare ya shiga aikin, daga baya aka tura shi kwas a Jos, a makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi da UNESCO ta taimaka aka kafa a 1963. Yana yawan ambaton kwas ɗin nan, ni kuwa ina murmushi a zuci, wai ni mai digiri. Tun ranar farko ya raɗa mini suna Malam Digiri, na ɗauka girmamawa ce.

Satin farko bai bar ni na taɓa kome ba. Ya aiki yaro kasuwa ya sayo sabuwar tukunya, ya ce in riƙa ɗaukar ta daga bakin sito zuwa gindin darbejiya in dawo. Hannu biyu, ɗaya a gindi ɗaya a ciki, ba a kama baki, ba a kama wuya, kuma kafin ka ɗaga ka san inda za ka ajiye. Masu gadi suna kallo suna dariya. Na ji kamar in haɗa jakata in koma makaranta.

Sati na biyu ya fito da kundin rajista, wani ƙaton littafi mai bangon kyalle da ya fi shekara hamsin. Duk abin da ya shigo gidan yana da layi a ciki: lambarsa, mene ne shi, daga wane gari, wa ya kawo, sayowa aka yi ko kyauta, a nawa. Lambar kashi uku ce, shekarar shigowa, sai rukunin da abin ya zo a ciki, sai matsayinsa a rukunin. Ya nuna mini cewa a wuri biyu ake sa ta: a katin da ke wuyan tukunya, da kuma a gindinta, inda ake shafa ɗan farin fenti a rubuta da baƙar tawada. Ya ce, "Tukunya ba ta magana, Malam Digiri. Lambar nan ita ce bakinta. Shi ya sa muke sa ta wuri biyu, in ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya." Ya ƙara da cewa ba a cire tsohon kati ko an yi sabo, ba a rubutu da biro a kusa da kaya, kuma duk abin da ba za ka iya warwarewa ba, kada ka ƙulla shi. Ina gyaɗa kai ina danna waya. Na ji maganar sarai, don yau ga shi ina maimaita ta kalma da kalma. Ta shiga kunne ne kawai ta sami wuri ta kwanta.

Abin da idona ke gani daban ne. Ƙurar hunturu ta yi wa kantoci lulluɓi, ga yanar gizo a kusurwa, katunan sun yi ja, gara ta ci gefen wasu, rubutun hannun mutum biyar ko shida ne, awon ma da inci aka yi shi. A raina har na fara tsara rahoton da zan kai makaranta, da babban kanu a kan halin ko-in-kula da kayan tarihinmu ke ciki. Ina son jimlolin rahoton nan ƙwarai. Nakan gyara su da daddare a kan katifa.

A sati na biyar aka ce manyan baƙi za su zo daga Abuja ranar Juma'a. A wannan satin kuma aka yi wa Baba rasuwar wansa a ƙauye, ya miƙa wa Hajiya makullai ranar Talata ya tafi. Hajiya tana fama da zauren baje koli da kujeru da masu fenti, sai ta tsayar da ni a baranda ta ba ni makulli ɗaya ta ce, "Malam, ka ɗan kakkaɓe ƙurar kantar tukwanen nan, ƙila su leƙa sito." Kakkaɓe ta ce. Na sha juya kalmar nan a raina ko zan sami ruwa ko almakashi a cikinta, ban samu ba.

Ranar Laraba da safe na fara kamar mutumin kirki. Na ɗauki burushi mai laushi, na kakkaɓe tukwane uku yadda aka koya mini. A ta huɗu ne na tsaya ina kallon katin wuyanta, ya yi laushi kamar ganyen da ya kwana a ruwa, na ce wannan ai abin kunya ne a gaban baƙi. Nan take dabara ta zo mini. Zan buga sababbin katuna a kwamfuta, in kai shagon buga takardu a fitar mini a kwali mai kauri, a rufe su da leda, in ɗaura da jan zare. Amma kafin in buga sai na ga abin da ke jikin tsofaffin, kuma tukwanen 37 ne, hawa da sauka daga kanta zuwa tebur sau 37 ɓata lokaci ne ga mai ilimi irina. Na ɗauko almakashi. Ina yankewa ina jerawa a tebur daga hagu zuwa dama, daidai da yadda tukwanen ke jere a kanta. Har na yaba wa kaina da tsari: kati na farko na tukunya ta farko, na biyu na ta biyu, ina abin zai ɓace?

Da na gama na waiwaya, sai tukwanen suka ƙara muni a idona. Gindinsu baƙi ƙirin, cikin wasu ƙanzo ya daskare, wasu suna warin hayaƙi da daɗewa. Sabon kati mai ƙyalli a wuyan wannan ƙazanta? Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san ɗan kirki shi ne mai ƙalƙale tukunya har ta yi ƙara. Na kira ɗan maigadi, wani yaro mai kuzari ɗan shekara goma sha biyar, na ba shi kuɗi ya sayo Omo da sabulun wanki da soson buhu. Muka kwashe tukwanen zuwa famfon bayan sito. Ko a lokacin, hannu biyu na ce ya riƙa sawa, ɗaya a gindi ɗaya a ciki. Darasin satin farko bai tafi a banza ba, na kai su mahallaka cikin ladabi.

Ina wankewa yana jerawa a rana. Ruwan bahon ya koma baƙi, na zubar na sake, ya koma baƙi, ina jin daɗi irin na wanda ke ganin amfanin guminsa. A cikin wata 'yar tukunya mai fashe a baki na tarar da busassun sassaƙe da ganye da wani ƙullin zare, na ce sheƙar ɓera ce, na juye a kwata. A gindin kusan kowace kuma akwai wani ɗan farin abu da baƙi-baƙi a kansa, wanda ruwa ya jiƙa ya fara ɓamɓarowa. Na ce kashin tsaka ne. Wanda soso ya kasa, da farcena na kankare shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan: mutum mai shirin zama masanin tarihi, tsugune a bakin famfo, yana kankare lambar rajista da farce yana zagin tsaka.

Da na ɗago, yaron ya jera su daga babba zuwa ƙarama, randuna a baya, tuluna a tsakiya, 'yan tukwane da kasake a gaba. Sun yi kyau a rana, jajaye da su kamar a kasuwar tukwane. Na ce masa, "Madalla, kana da basira." Da yamma muka mayar da su kanta a haka.

Ranar Alhamis na dawo daga shagon buga takardu da katuna 37 masu sheƙi, ina tafe ina fito. Na buɗe sito, ƙamshin Omo ya tarye ni. Na yanka jan zare guntu-guntu, na ɗauki kati na farko, na nufi tukunya ta farko.

Katin ya ce 'yar tukunyar miya ce. Abin da ke gabana randa ce da za ta ci bokiti uku.

Na yi 'yar dariya, na ce ai yaron ya sauya jeri, ba kome. Na juya neman tukunyar miya. Sai na ga tukwanen miya tara, kusan kai ɗaya, duk jajaye, duk tsaf, suna kallona da buɗaɗɗen baki. Jiya da safe ba su yi kama da juna haka ba: wannan ta fi baƙi, waccan tana da tabon mai a kafaɗa, wata ƙanzonta ya hau har baki. Ni na mayar da su 'yan uwa ɗaya. Na tsaya da kati a hannun dama da zare a hagu, har yanzu ban tsorata ba, don a can ƙasan kaina wata murya tana cewa akwai wuri na biyu. In ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya. Na ajiye katin, na ɗaga tukunya ɗaya, na kifa ta a cinyata.

Gindinta fes. Sai wani ɗan dishi-dishin fari, faɗin ƙwayar gyaɗa, da sawun farce a tsakiyarsa.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon wurin nan ba. Na tuna na dubi farcen babban yatsana, har yanzu da ɗan farin fenti maƙale a ƙarƙashinsa. Na tuna ana ta jan kujeru a waje, wani yana gwada lasifika yana cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Gumi ya keto mini a tsakiyar hunturu. Na kifa ta biyu, na kifa ta uku, ina sauri kamar saurin zai dawo da wani abu. A cikin 37, biyar ne kawai lambarsu ta tsira, su ma don fentinsu na baya-bayan nan ne, ya ƙi soso. Wata ta rage da rabin lamba, ana ganin shekarar, sauran ya bi kwata. Na fita na je bakin famfon, wallahi na je, na tsuguna ina duba laka ko zan ga lambobi a ciki. Sai kumfar jiya da ta bushe.

Da a nan labarin ya tsaya, da labarin wawa ne kawai, kuma wauta kowa da rabonsa. Ofishin Hajiya taku arba'in ne daga inda nake. Na auna takun nan da ido, na auna baƙin gobe, na auna takardar da za ta sa wa hannu a ƙarshen wata uku. Sai na koma sito na turo ƙofa, na fara ɗaura katuna da ka. Inda kati ya ce randa na nemi randa, inda ya ce tulu na nemi tulu, in tulunan biyar ne sai in ce bisimilla in zaɓi ɗaya. Cikin awa guda kowace tukunya ta sami gari. Na zuba tsofaffin katunan a baƙar leda na cusa a aljihun tebur.

Baƙi suka zo, kuma suka leƙa sito. Wani babba a cikinsu mai babbar riga ya tsaya gaban kantar ya ce bai taɓa ganin sito mai tsabta haka ba, ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Hajiya, wadda sai a lokacin ta ga wurin, ta yi wani irin shiru, sannan ta nuna ni. Ya dafa kafaɗata ya ce wannan yaro zai yi nisa. Aka ɗauke mu hoto. A hoton ina murmushi, kuma ba na dole ba ne. Wannan ne abin da ya fi ba ni kunya har yau: a cikin daƙiƙun nan na fara yarda cewa abin ya wuce lafiya.

Baba ya dawo ranar Litinin. Na yi masa gaisuwar rasuwa a bakin sito, ya amsa, ya tura ƙofa, ya tsaya cak. Hancinsa ne ya fara sani. Ya shiga a hankali, ya ɗauki wata tukunya da hannu biyu, ya juya ta, ya dubi gindinta, ya sa hanci a ciki, sannan ya karanta katina mai sheƙi.

"Malam Digiri, wannan daga ina take?"

Na leƙa katin na karanta masa sunan wani ƙauye a ƙasar Sakkwato.

Ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar naira 20, ya juya bayanta ya nuna mini hoton Ladi Kwali. Ya ce, "Ka san wannan baiwar Allah? To, mutanenta ne suka gina tukunyar nan. Dubi ƙadangaren da aka zana a kafaɗarta. Dubi kifin. Ginin Gwari ne. Yaushe ta yi ƙaura zuwa Sakkwato ban sani ba?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya tambayi tsofaffin katunan, na jawo ledar hannuna yana rawa. Ya zazzage su a tebur, ya ɗauki ɗaya ya juya bayansa. A bayan akwai rubutu da fensir, ƙanana-ƙanana: tsayi, faɗin baki, da ɗan zanen adon da ke jikin tukunyar. Katuna 37 na kwafa a kwamfuta, ban juya ko ɗaya ba.

Ya zauna a benci ya yi salati. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Can ya ce, "Wankin, rashin sani ne, ko da yake na faɗa maka. Ɗaurin fa? Wanda ya wanke bai san abin da yake yi ba. Wanda ya ɗaura ya sani."

Na daɗe ina neman inda zan raɓa in tsira daga maganar nan. Tukunyar da ba ta da kati, duk wanda ya gan ta ya san akwai giɓi, zai yi hattara. Wadda aka ɗaura wa katin ƙarya kuwa tana magana da cikakken baki. Wata rana ɗalibi irina zai zo, ya auna ta, ya ɗauki hotonta, ya rubuta a kundin digirinsa cewa a ƙasar Sakkwato ma ana zana ƙadangare irin na Gwari, ya gina bayani a kan hijira da cinikayya da auratayya. Wani ya ɗauko daga gare shi ya sa a littafi. Ba wanda zai taɓa bin sawun maganar har ya iso ga wani yaro da ya ji tsoron taku arba'in.

Shi kansa wankin ma, na yi wa kaina sassauci da na kira shi rashin sani. Raini ne. Na raina ƙura, na raina mutanen da ke zaune da ƙurar, na ɗauka duk abin da ya tsufa an yi sakaci da shi ne. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa mutumin da ke goge makullansa da mai duk Juma'a ya bar ƙanzo shekara talatin a cikin tukunya ba. Baƙin gindi shi ke nuna ko a kan murhu aka ɗora ta ko a cikin toka aka binne ta. Ƙanzo shi ke faɗin me aka dafa. A 2021 masu bincike daga jami'o'in Bristol da Frankfurt suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa ɓaraguzan tukwanen Nok sama da 450. Daga maiƙon da ya tsotsu a jikin yumɓun suka gano kakin zuma, shaidar cewa mutanen wurin suna ɗiban zuma tun shekara 3,500 da suka wuce. Ranar da na karanta labarin nan, bahona na tuna. Sabulu da mai ake yin sa, duk wanda ya zo gwada tukwanen da na wanke, abin da zai fara cin karo da shi sabuluna ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo ga mai takarda kan Benin. Tun 2000 gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina suke cikin jerin kayan Afirka da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗin ana sacewa. Mai haƙa da daddare ba ya fasa gunkin, lallaɓa shi yake, don kuɗinsa ne. Ɓarnarsa ita ce ya cire abu daga ramin da ya kwanta, ba wanda ya rubuta zurfin ramin ko abin da ke kusa da shi, sai ya isa Turai kyakkyawa kuma bebe. Na yi shafi 20 ina la'antar masu raba kaya da asalinsa. Ni ko kuɗi ban samu ba.

Tare muka je wurin Hajiya, amma Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya bar ni na faɗa da bakina. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ma tana da nata kason tunda ita ta ba ni makulli ba ta leƙo ba, sannan ta ce in rubuta duk abin da na yi, dalla-dalla, da kwanan wata da sunan sabulun, in sa hannu, a saka a fayil ɗin kowace tukunya. Na ce, "Ranki ya daɗe, har da ɗaurin?" Ta ce musamman ɗaurin.

Sati bakwai da suka rage a kan tabarma na yi su, ni da Baba da kundi da tef ɗin awo. Mu ɗauki tsohon kati ɗaya, mu karanta gaba da baya, mu duba layinsa a kundi, in mayar da inci zuwa santimita, mu auna duk tukwanen da za su iya zama ita. A nan na fara ganin abin da idonsa ke gani. Yumɓun wani wuri yana ƙyalli da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gilashi, na wani wuri ba ya yi. Wannan adon da igiya aka murza shi, wancan da totuwar masara. Wannan an goge jikinta da dutse kafin gashi. Ya ba ni labarin zauren tukwane na Jos, da yadda Sylvia Leith-Ross ta bi garuruwa tana tattaro su tana rubuta inda kowace ta fito, har ta fitar da littafi a kansu a 1970. Ya ce in cire rubutun nan, abin da ya rage ai kasuwar tukwane ce.

A sati na biyu da wankin, wani fari-fari kamar kanwa ya fara tsatsowa a jikin tukwane uku. Tukunyar gargajiya gashin fili ake mata, jikinta duk ƙofofi ne, tana shan ruwa. Ruwan ya narkar da gishirin da ke cikin yumɓun, da ta bushe a rana sai gishirin ya fito ya daskare yana ture fatar tukunyar. Ɗaya daga ciki adonta ya riƙa zubowa kamar garin tuwo duk sanda aka taɓa ta. Kullum da safe sai na je na duba ta, kamar mai jinya.

Ita kuwa 'yar tukunyar nan mai fashe a baki ba ta ba mu wahala ba, fashewar tana zane a bayan katinta. Baba ya buɗe layinta a kundi, ya karanta a zuci, ya turo mini littafin. An sayo ta ne daga hannun wata ungozoma, kuma wanda ya sayo ya ƙara da ƙaramin rubutu cewa sauran haɗin maganin da take dafa wa masu jego yana ciki, an bar shi yadda yake. Shekara arba'in da wani abu ma'aikata suna zuwa suna tafiya, kowa ya leƙa ya ga sassaƙen nan ya bar su. Na tambaye shi ko ya san waɗanne itatuwa ne. Ya ce ya taɓa gane ƙirya a ciki, sauran yana jiran ranar da wani masani zai zo ya duba.

Mun mayar da 26 gidajensu, kowace da tsohon katinta da sabo a gefensa, da sabuwar lamba a gindi. Sauran 11 suka gagara: tukwanen miya shida, tuluna uku, kasake biyu, awonsu ya yi kusa da juna, bayan katunansu babu zane ko gara ta cinye shi. Akwai biyu da na rantse na gane su. Na kawo hujjoji, na ce kusan tabbas ne. Baba ya ce, "Ranar Alhamis ɗin ma ai kusan tabbas ka yi." Ya miƙo mini fensir da katuna 11, ya faɗi abin da zan rubuta. Tsofaffin katunansu muka sa a ambulan, muka ajiye a ƙarshen kantar, taku ɗaya tsakaninsu da tukwanen.

Ranar da zan tafi na kai wa Hajiya fom ɗin makaranta. Ta cike ko'ina, ta ba ni makin da ya fi abin da na cancanta, sai ta zo wurin da aka ce a faɗi halin ɗalibi a taƙaice. Ta tsaya, ta aika aka kira Baba, ta ce, "Baba, kai ka zauna da shi. Me zan rubuta a nan?"

Ya dube ni, ya sosa kunnen da fensir ke maƙale, ya ce, "Hajiya, ki rubuta yana da tsabta."

Haka ta rubuta, ta buga hatimi.